Sa Hannun Mashahurai a Gidauniyoyin Yaƙi: Nazarin Wasu Kayan Tarihi Daga Amurka da Birtaniya, 1863–1945

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi takardu da kayayyakin da fitattun mutane suka sa wa hannu, ko suka bayar daga mallakarsu, domin tara kuɗi a lokacin Yaƙin Basasar Amurka da Yaƙe-yaƙen Duniya biyu. Hujjarta ita ce kuɗaɗen da ake ambatawa a kan waɗannan kaya iri uku ne daban-daban: akwai kyautar da aka bayar har abada, akwai rancen da gwamnati ta biya daga baya, akwai kuma farashin gwanjo na yau. Duk wanda ya cakuɗa su zai fahimci tarihin a karkace. Maƙalar ta kuma nuna cewa wasu muhimman rubuce-rubuce da ake taƙama da su yau, neman taimakon yaƙi ne ya haifar da su.

1. Gabatarwa



Yaƙi yana cin kuɗi fiye da yadda haraji zai iya ciyar da shi. Saboda haka gwamnatoci kan koma wajen talakawansu neman rance, ƙungiyoyin agaji kuma su fita neman abin jinyar raunuka da kula da iyalan mamata. Matsalar mai neman irin wannan kuɗi ita ce ba shi da abin da zai miƙa wa mai bayarwa a nan take. Ba ya sayar da hatsi, ba ya sayar da tufa. Abin da yake da shi alkawari ne da godiya. Tun a ƙarni na 19 masu shirya gidauniya a Amurka suka gano cewa sa hannun mutumin da jama'a ke ƙauna yana cike wannan giɓi: ba shi da tsada wajen samarwa, yana shiga aljihu, kuma wanda ya karɓe shi yana da abin nunawa a gida.

Yau waɗannan kaya sun zama haja a manyan gidajen gwanjo irin su Sotheby's da Christie's. Littattafan tallan gwanjo suna kawo labarinsu da alƙaluma masu ɗaukar hankali, marubuta su kwafa, mai karatu ya riƙe baki. Abin da nake so mu yi a wannan maƙala shi ne mu tambayi kowane adadi: wa ya biya, wa ya karɓa, kuma kuɗin ya dawo wa mai shi ko bai dawo ba?

2. Lincoln da matan baje koli

A Yaƙin Basasar Amurka, 1861 zuwa 1865, cuta ta kashe sojoji fiye da harsashi. A 1861 aka kafa wata hukumar sa-kai ta kula da tsabta da lafiyar sojojin Arewa, kuma mata ne ƙashin bayan tara mata kuɗi. Dabararsu ita ce baje koli: manomi ya kawo amfanin gona, mai sana'a ya kawo aikin hannunsa, a sayar, kuɗin ya tafi asibitocin soja.

A watan Oktoban 1863, matan da suka shirya baje kolin Shikago, ƙarƙashin jagorancin Mary Livermore da Jane Hoge, suka rubuta wa Shugaba Abraham Lincoln suna roƙon wani abu mai nauyi: ainihin rubutun hannunsa na Shelar 'Yanta Bayi, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairun wannan shekara. Lincoln ya aiko musu, ya kuma faɗa a wasiƙarsa cewa ya so ya riƙe takardar, amma idan za ta rage wa sojoji raɗaɗi hakan ya fi. Wani attajiri, Thomas Bryan, ya saye ta dala 3,000. Shekara takwas bayan haka, a gobarar Shikago ta 1871, takardar ta ƙone ƙurmus. Abin da ya rage mana hotunanta ne da aka ɗauka kafin a aika da ita. Wannan ita ce asara ta farko da ya kamata a lissafa: takardar da ta shafi 'yancin miliyoyin baƙar fata ta bar hannun gwamnati ta shiga hannun ɗaiɗaiku, ba ta kuma dawo ba. Daftarin farko na shelar, na watan Satumban 1862, shi ya yi sa'a. Lincoln ya ba da shi ga baje kolin garin Albany a 1864, aka sa shi a ƙuri'a, mai yaƙi da bauta Gerrit Smith ya ci, ya mayar wa hukumar, jihar Niyok ta saye shi. Yana ɗakin karatun jihar har yau.

A Filadelfiya aka sauya salo. Maimakon takarda ɗaya tilo, Charles Leland da George Boker suka buga shelar kwafi 48 a kan takarda mai kyau, aka kai wa Lincoln ya sa hannu ɗaya bayan ɗaya, Sakataren Harkokin Waje William Seward da sakataren shugaban, John Nicolay, su ma suka sa nasu. An sa wa kowanne farashin dala 10 a baje kolin watan Yunin 1864. A lokacin albashin ƙaramin soja dala 13 ne a wata, wanda aka ɗaga zuwa 16 a wannan shekara. Kuɗin ba na wasa ba ne, amma kuma bai fi ƙarfin mai ɗan hali ba. Duk da haka kwafin ba su ƙare ba. An tashi baje koli da ragowa. Ɗaya daga cikinsu Robert Kennedy ya saya a 1964 kan dala 9,400, iyalinsa suka sayar a 2010 kan fiye da dala miliyan 3.7. Dala goman farko ta je gadon majinyaci. Miliyoyin baya ba su da alaƙa da wani soja.

Labarin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne na jawabin Gettysburg, wanda Lincoln ya gabatar ranar 19 ga Nuwamban 1863. Akwai kwafi biyar na rubutun hannunsa, kuma uku daga ciki an rubuta su ne bayan jawabin, bisa roƙon masu tara wa sojoji kuɗi. Masanin tarihi George Bancroft ya nemi ɗaya domin wani littafin rubuce-rubucen hannu da za a sayar a baje kolin Baltimo a 1864. Lincoln ya rubuta, amma ya yi amfani da gaba da bayan takarda, abin da bai dace da tsarin maɗaba'ar ba. Sai aka sake komawa wajensa. Shugaban ƙasar da ke tsakiyar yaƙi ya sake zama, ya sake rubutawa, wannan karon ya sa take da kwanan wata da sa hannu. Wannan kwafi na biyar, da ake kira na Bliss, shi kaɗai ne mai sa hannunsa, shi ne aka sassaƙa a bangon ginin tunawa da shi a Washinton, shi ne 'yan makaranta ke haddacewa. Ambaton Ubangiji da ke kusa da ƙarshen jawabin yana cikin kwafi ukun baya, babu shi a biyun farko. A 1949 wani tsohon jakadan Kuba, Oscar Cintas, ya saye shi dala 54,000, ya bar wasiyyar a ajiye shi a Fadar White House. Ke nan matanin da Amurka ta ɗauka tabbatacce na jawabin shugabanta mafi shahara, an samar da shi ne domin a sayar a teburin agaji.

3. Ƙyallen da babu zane, da bargon sunaye

A Yaƙin Duniya na Ɗaya, gidan gwanjon Christie's a Landan ya riƙa shirya gwanjo domin ƙungiyar Red Cross daga 1915 zuwa 1918. Cikin abubuwan da aka bayar har da ƙyallen zane fari fat, bisa alkawarin fitaccen mai zane zai zana duk wanda mai saye ya zaɓa. Sir Hugh Lane ya yi tayin fam 10,000 a kan alkawarin John Singer Sargent. Bayan 'yan makonni, a watan Mayun 1915, Lane ya mutu a jirgin ruwan Lusitania da Jamusawa suka nutsar. An cika alkawarin bayan ransa: Sargent ya zana Shugaba Woodrow Wilson a 1917, zanen yana gidan zane na ƙasa a Dublin. A nan abin da aka saya suna ne zalla, tun kafin a tsoma buroshi a fenti.

A Amurka kuwa wannan yaƙi ne ya fara fito da taurarin fim wajen tara kuɗi. Hoton Charlie Chaplin da Douglas Fairbanks a titin Wall Street a Afrilun 1918, jama'a sun cika titi maƙil, sananne ne, ba sai na tsaya a kansa ba. Wanda aka fi mantawa da shi shi ne bargon sunaye. Matan ƙauye ko na coci su yanka farin ƙyalle gida-gida, su ɗinka jar alamar Red Cross a kowane gida, sannan su bi gari: ka biya 'yan kuɗi kaɗan, a ɗinka sunanka da jan zare. Gidan tsakiya ya fi na gefe tsada. In bargo ya cika, a sa shi gwanjo ko ƙuri'a, a ci riba sau biyu. Mujallar mata ta Modern Priscilla ta buga yadda ake yin sa a Disamban 1917. Wasu ƙungiyoyin sukan aika guntun ƙyalle ga manyan mutane su sa hannu da fensir ko tawada, in ya dawo wata mace ta zauna ta bi layin da allura. A ƙarshe zaren ya rufe rubutun. Abin da ido ke gani siffar hannun babban mutum ce, amma aikin na wata ce da galibi sunanta ba ya ko'ina a jikin bargon. Kasuwa takan yi wa irin wannan bargo kuɗi gwargwadon manyan sunayen da ke cikinsa. Ga mai nazarin tarihi ƙananan sunayen sun fi amfani, domin su ne ke nuna waɗanda suka rayu a gari kaza a 1918, da wanda ya iya biyan gidan tsakiya, da wanda ya tsaya a gefe.

4. Gogen dala miliyan ɗaya

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya kawo alƙaluman da suka fi rikita masu karatu. A 1943, a wani gwanjo a kantin Gimbels da ke Niyok, an sa gogen ɗan wasan barkwanci Jack Benny, wanda kuɗinsa bai wuce dala 75 ba, wani mai kamfanin sigari, Julius Klorfein, ya ɗauke shi a kan dala miliyan ɗaya. A farkon 1944 an yi gwanjon rubutun hannun Albert Einstein na maƙalarsa ta 1905, wadda ta sauya fahimtar masana game da lokaci da sarari, kamfanin inshora na Kansas City Life ya ɗauka a kan dala miliyan 6.5.

Ba wanda ya ba Benny ko Einstein ko sisi, kuma ba wanda ya yi asarar kuɗinsa. Tayin da ake yi a irin wannan gwanjo alkawari ne na sayen takardun lamuni na gwamnati. Wanda ya fi kowa alkawari shi ke tafiya da kayan, ya kuma tafi da takardun lamuninsa, waɗanda baitulmalin Amurka zai biya da kuɗin ruwa in wa'adi ya cika. Kamfanin inshora dole ne ya ajiye kuɗin masu hulɗa da shi a wuri mai aminci, kuma a lokacin yaƙi babu wurin da ya kai takardun gwamnati. Kuɗin da zai zuba ko da babu gwanjo, sai ya zuba shi a gaban 'yan jarida ya samu suna. Mai karatu Bahaushe ya san wani abu mai kama da wannan a taron ƙaddamar da littafi, inda babban mai ƙaddamarwa ke sayen kwafi ɗaya a kan miliyoyi, kowa a zauren ya san ba kuɗin takarda da tawada ba ne. Bambancin shi ne a gwanjon lamuni kuɗin yana komawa ga mai shi. Saboda haka kuskure ne babba a jera dala 3,000 na Bryan, wanda ya bayar bai sake gani ba, da dala miliyan 6.5 na kamfanin inshora, a ce na biyun ya fi karamci.

Rubutun Einstein ɗin ma ba na 1905 ba ne. Ainihin takardun ya yar da su bayan an buga maƙalar. Da kwamitin marubuta masu tallan lamuni ya roƙe shi a 1943, sai ya zauna a Princeton, sakatariyarsa Helen Dukas tana karanto masa bugaggen matani yana rubutawa da hannu. An ruwaito cewa a wani wuri ya tsayar da ita ya tambaya ko da gaske haka ya rubuta, ya ce da ya iya faɗin abin a sauƙaƙe. Kamfanin ya miƙa rubutun ga Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka. Kamar kwafin Bliss, wannan takarda ce da ba za ta wanzu ba in ba don gidauniyar yaƙi ba.

Talaka kuwa nasa lamunin daban ne. Takardar da ake kira rukunin E ta fara fita ranar 1 ga Mayun 1941. Ka biya dala 18.75, bayan shekara goma a ba ka 25. Yara suna sayen kan sarki na santi goma-goma suna liƙawa a ɗan littafi har ya cika. Doka ta ƙayyade abin da mutum ɗaya zai saya na wannan rukuni a shekara zuwa dala 5,000, wanda ke ƙara tabbatar da cewa manyan tayin gwanjo ba daga aljihun ma'aikaci suka fito ba. Kimanin mutum miliyan 85 ne suka sayi takardun lamuni, jimillar abin da aka tara ya kai dala biliyan 185, amma kaso mafi tsoka daga kamfanoni da cibiyoyin kuɗi ya fito. Sakataren Baitulmali Henry Morgenthau ya san haka. Abin da yake nema wajen talaka biyu ne: a janye kuɗi daga kasuwa don kada farashin kaya ya haukace, kuma kowane gida ya ji yana da hannun jari a yaƙin.

5. To, wane aiki sa hannun ya yi?

Ranar 15 ga Janairun 1942, makonni kaɗan bayan harin Pearl Harbor, 'yar fim Carole Lombard ta tsaya a Indianapolis, babban birnin jiharta ta haihuwa, ta sayar da takardun lamuni na fiye da dala miliyan biyu a yini ɗaya. Masu saye sun tafi da 'yar takardar godiya mai hotonta da sa hannunta. Washegari da dare jirgin da ya ɗauko ta zuwa gida ya faɗi a kan dutse kusa da Las Vegas, ita da mahaifiyarta da duk wanda ke ciki suka mutu. Tana da shekara 33. Masu tara kaya suna neman waɗannan 'yan takardu ido rufe, kuma ba na jin daɗin dalilin: mutuwarta ce ta ɗaga darajarsu. Ga wanda ya tsaya a layi a ranar, takardar rasit ce ta cewa shi ma ya bayar.

Haka abin yake a yawon da aka yi da zane-zane huɗu na Norman Rockwell a kan 'yanci huɗu da Shugaba Roosevelt ya ambata. An fara a kantin Hecht a Washinton a Afrilun 1943, aka zaga birane 16, aka tara kimanin dala miliyan 132. Duk wanda ya sayi lamuni ana ba shi bugaggen kwafin zanen, kuma a wajen buɗewa Rockwell da kansa ya zauna yana sa hannu.

Akwai ɓangaren da bai kamata a yi masa kwalliya ba. An yi gwanjon safar Betty Grable, an sayar da sumbar 'yan fim mata ga masu sayen lamuni mai yawa. Hedy Lamarr, wadda ita da George Antheil suka samu lasisin ƙirƙira a 1942 kan dabarar sauya zangon rediyo don kare saƙo daga abokan gaba, an nuna mata cewa ta fi amfani a dandalin talla. Ƙasar da ke neman makami ta karɓi fuskarta ta ajiye ƙwaƙwalwarta.

Shaida mafi ƙarfi a kan iyakar tasirin kayan tsaraba ta fito daga rediyo. Ranar 21 ga Satumban 1943 mawaƙiya Kate Smith ta shafe awa 18 tana dawowa kan iska a tashar CBS tana roƙo, aka yi alkawarin dala miliyan 39. Ba ta raba hoto ba, ba ta sa wa kowa hannu ba. Masanin zamantakewa Robert Merton ya bi masu sauraro da tambayoyi, ya buga sakamakon a littafinsa Mass Persuasion a 1946. Abin da suka riƙa nanatawa shi ne sun yarda da gaskiyarta, kuma wahalar da suka ji tana sha ta sa su kunyar ƙin bayarwa. Fahimtata ita ce sa hannu ma irin wannan aiki ya yi: alama ce cewa babban mutum ya zo da kansa, ya ɓata lokacinsa, ya gaji. Kyautar da ke ciki lokacin ne, tawadar shaida ce kawai.

6. Tantancewa

Da zarar abu ya yi kuɗi, jabu ya samu ƙofa. A ƙarshen shekarun 1990 hukumar FBI ta bankaɗo wata ƙungiya a Kalifoniya da ke ƙirƙirar sa hannun 'yan wasa da taurari, har da na waɗanda suka daɗe da mutuwa. Amma a kayan zamanin yaƙi matsalar ta girmi 'yan damfara. Kamfanonin fim na Hollywood suna da sakatarorin da ke sa hannu a madadin taurari, kuma takardun godiya da yawa an buga sa hannun ne a maɗaba'a tare da hoton. Waɗannan kaya ne na gaske na zamaninsu, ko da hannun tauraron bai taɓa su ba, kuma dole mai rubuta bayanin kaya ya faɗi haka.

Alƙalami kansa yana ba da shaida. Biro bai shiga kasuwar Amurka ba sai a watan Oktoban 1945, a wannan kantin na Gimbels. Takardar shirin taro ta 1942 mai sa hannun biro tana iya zama jabu, tana kuma iya zama ta gaske wadda aka kai wa tauraron bayan shekara ashirin. A hali na biyu sa hannun sahihi ne, amma ba shi da alaƙa da gidauniyar. Shi ya sa salsalar kaya ta fi siffar haruffa muhimmanci: hoton taron, labarin jarida na ranar, wasiƙar da ta rako kayan, da jerin hannayen da ya bi. Shawarata ga gidajen adana kayan tarihi ita ce kowane bayani ya ƙunshi abu uku a rarrabe: nawa aka biya a lokacin, kyauta ce ko rance, kuma wace ƙungiya ce ta karɓa.

7. Ɓangaren Nijeriya

Mu ma an karɓi kuɗinmu. A Yaƙin Duniya na Ɗaya an ɗebi gudummawa daga baitulmalin masarautun Arewa. A na Biyu, lokacin da aka yi ta tara fam 5,000 a kan kowane jirgin Spitfire a faɗin daular Birtaniya, gudummawar Nijeriya ta sa aka raɗa wa runduna ta 91 ta sojan saman Birtaniya sunan ƙasar. Tsarin namu ya bambanta ta wata fuska mai muhimmanci. A Indianapolis sunan 'yar fim ne ya ja mutane zuwa layi, kuma wanda bai so ba yana iya zamansa a gida. A nan roƙon ya bi ta hannun Razdan zuwa sarki, zuwa hakimi, zuwa dagaci, wato ta hanyar da haraji ke bi, kuma manomin da dagacinsa ya tsaya masa a ƙofa ba shi da sararin cewa a'a irin na ma'aikacin Amurka. Saboda haka duk adadin gudummawar da aka samu a rahoton Turawan mulki yana buƙatar irin tambayoyin da muka yi wa gogen Jack Benny, da ƙarin guda: da yardar mai bayarwa aka karɓa? Inda ya kamata ɗalibanmu su fara neman amsa shi ne fayilolin larduna a gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna, da Gidan Arewa, da fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo daga 1939 zuwa 1945, a gwada abin da jaridar ta buga da abin da littattafan kuɗin En'e suka nuna an cire.